Yadda teburina ya shiga baje kolin ƙungiyar kafintoci

Ƙungiyarmu ta kafintoci masu aikin hannu tana shirya baje koli sau ɗaya a shekara, kuma zama ɗan ƙungiya ba ya ba mutum damar kai kayansa kai tsaye. Ko da ba ka taɓa fashin taro ba, sai aikinka ya bi ta hannun kwamitin tantancewa. Na daɗe ina zuwa kallo, ina kama wa wasu ɗaukar kaya, kafin bana na ce ni ma bari in jarraba.

Fom ɗin ba shi da wuyar cikawa. Takardar ƙa'idojin da ke manne da shi ita ce mai nauyi. Aikin ya zama naka tun daga zane har shafa mai na ƙarshe. Idan akwai hannun wani a ciki, kamar maƙerin da ya ƙera maka mariƙin durowa ko mai ɗinkin da ya lulluɓe mazaunin kujera, dole ka rubuta, kuma za a sa a katin da ke gaban kayan. Ya zama sabon aiki, ba wanda ka taɓa nunawa ba. Sannan ka bayyana kowane irin katako da ka sa, har wanda ke ɓoye a ciki. Ba a hana inji ba. Kana iya tsaga falanki da injin zarto, ka rage kaurinsa da injin fere. Abin da kwamiti ke so shi ne haɗe-haɗen da gamawar su fito daga hannu. Akwai dattawa a cikinmu da ke ganin wannan ma sassauci ne, sai dai ban taɓa ganin ɗayansu yana tsaga gungume da zarton hannu ba.

Batun bayyana katako ba don a ƙawata kati ba ne. Yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa madobiya da akasarin dangin itacen Dalbergia a jerinta na biyu, na waɗanda ake taƙaita cinikinsu, tun farkon 2017, kuma a taronta na Panama a 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka. Wannan bai hana kafinta aiki da su ba, amma fitar da katakonsu daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini, kuma masu saye da yawa yanzu suna tambayar inda itace ya fito. Ni maɗaci na zaɓa, tsofaffin falankai da suka daɗe a jibge, na kuma adana rasiɗinsu tare da fom.

Duk wanda ke son shiga baje koli, lissafinsa ya fara daga bushewar katako, ba daga ranar rufe karɓar fom ba. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Kayan da za su zauna a ɗaki ana so su kasance tsakanin kashi 8 zuwa 12, gwargwadon iskar wurin. Tsohon ƙiyasin masu sana'a shi ne shekara guda ga kowane inci na kauri idan iska ce za ta busar, an jera falankan da 'yan sanduna a tsakaninsu. Nawa sun riga sun bushe, amma duk da haka na yanka su da ɗan rara, na jingine su a wurin aiki na 'yan makonni, ina soka musu na'urar awon danshi lokaci zuwa lokaci. Falanki yakan canja hali bayan an tsaga shi. Wanda ka gani miƙe sambal da yamma, ka wayi gari ya lanƙwashe. Gara ya yi haka yana da rara a jikinsa, ka fere shi ya dawo daidai, da ya yi bayan ya zama ƙafar tebur.

Teburin rubutu na yi, mai durowa biyu. Tsayinsa santimita 75, tsawon fuskarsa 110, faɗinta 60. Na zana shi da girmansa na ainihi a jikin wani allo, domin a ƙaramin zane komai kyau yake yi. A nan na ga cewa idan durowa ta yi zurfi, gwiwar mai zama za ta daki katako. Ana bukatar a bar kamar santimita 60 daga ƙasa zuwa ƙarƙashin durowa, saboda haka nawa suka zama marasa zurfi, daidai takarda da alƙalami. Ƙafafun na sirantar da su daga sama zuwa ƙasa ta fuskoki biyu na ciki kawai. Zuciya ta so in yi sassaƙa a gaba, don a baje koli kowa yana son abin da zai fizgi ido daga nesa. Na haƙura. Maɗaci yana da zane a jikinsa wanda ke sauya launi idan ka gitta ta gabansa, kuma sassaƙa kashe shi za ta yi.

Babu ƙusa ko ɗaya a gangar jikin. Ƙafa da katakon da ke haɗa ta da 'yar uwarta rami ne da harshe: a huda rami a ƙafa, a fitar da harshe a ɗaya katakon, kaurinsa kamar sulusin kaurin katakon. Haɗin da ya yi daidai zai shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan, kuma idan ka ɗaga shi ba tare da gam ba, ba zai zame ba. In sai ka yi ta dukansa da guduma, wata rana ƙafar za ta tsage. In ya shiga yana lilo, gam ba zai cece shi ba, sai dai ya ɓoye laifin na ɗan lokaci. Kusurwoyin durowa kuwa haƙora na yanka musu masu shiga juna, faɗi a baki, tsuke a gindi, karkatarsu ɗaya cikin takwas, wato milimita ɗaya a kowane milimita takwas na tsawo, kamar yadda aka saba wa katako mai tauri. Gindin durowar ban manne shi ba. Yana zaune ne a cikin kwari da aka tsaga a gefuna, da sukuru ɗaya a baya cikin dogon rami, domin ya samu wurin motsi.

Wannan motsin shi ne rabin sana'ar. Katako kusan ba ya ƙaruwa ko raguwa a tsawonsa, amma a faɗinsa yana kumbura da damshi, ya tsuke da bushewa, har abada, ko an shafe shi da me. Fuskar tebur mai faɗin santimita 60 tana iya motsa milimita uku zuwa biyar tsakanin lokacin laima da lokacin busasshiyar iska. Idan ka ɗaure ta tamau da gam ko sukuru a jikin firam, dole ɗaya ya ba da kai, kuma fuskar ce ke tsagewa. Na riƙe tawa da 'yan guntayen katako a ƙarƙashi, kowanne an ɗaure shi a fuskar, harshensa yana cikin tsaga a jikin firam, yana zamewa gaba da baya. Ba wanda zai gan su sai ya durƙusa.

Inda maɗaci ya ba ni aiki shi ne gogewa. Jijiyarsa ba ta bin hanya ɗaya. Wani layi ya nufi gabas, na kusa da shi ya nufi yamma, don haka duk ta inda ka tura abin fere, wani layin zai yi sumul, wani ya ɓantare. Maganinsa wuƙa mai kaifin gaske, a ci kaɗan-kaɗan, sannan a bi da fallen ƙarfe na kankara, wanda ake lanƙwasa shi da manyan yatsu har ya yi zafi a hannu. Bayan nan samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 120 zuwa 180 zuwa 220, kullum a bi tsawon jijiya. Na jiƙa fuskar da tsumma mai ɗan ruwa, gashin katakon ya miƙe, ya bushe, na sake bi a hankali. Mai na shafa, ba feshi ba: man linsid, wani man 'ya'yan tsiro da ke bushewa ya taurare a jikin katako, siriri-siriri, a bar shi ya shiga, a goge rarar tas, a jira ya bushe kafin a ƙara, daga ƙarshe kakin zuma. Cikin durowa shelak na sa, wani irin ƙaro da ake narkarwa a shafa mai saurin bushewa, don mai a rufaffen wuri warinsa ba ya fita. Tsumman da aka shafa linsid da shi kuma ba a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi ake yi a buɗe ko a tsoma a ruwa. A bar wa mai lokaci. Duk shekara sai an kawo kayan da ke danƙo a yatsa, kuma kowa ya san jiya aka gama su.

Tantancewa hawa biyu ce. Ta farko da hotuna: gaba, gefe, baya, da biyu na kusa. An ce a cire suna daga jikin hoton, lamba kawai ake ba kowa. Na rataya farin ƙyalle a bango, na ja teburin kusa da ƙofa inda hasken safe ke shigowa ta gefe, na ɗauka daga tsayin ƙugu. Daga sama idan ka ɗauka, ƙafafu sai su fito gajeru. A wannan matakin ake zubar da aiki mai kyau saboda mummunan hoto, kuma a ganina wannan rauni ne a tsarin, domin ƙungiyar kafintoci ce ba ta masu ɗaukar hoto ba. Amma ba a iya ɗauko kaya masu yawa haka a tara a ɗaki ɗaya, dole a tace.

Hawa na biyu shi ne ido da ido. Mutum uku ne a kwamitin: dattijon da ya koyar da rabin 'yan ƙungiyar, wata mata mai zana kayan ɗaki, da wani mai gyaran tsofaffin kaya. An bar mu mu tsaya a gefe, amma ba a magana sai an tambaye ka. Na zaci za su ja baya su ƙare wa teburin kallo. Dattijon ko kallon fuskar bai yi ba. Ya sa aka kifa shi a kan bargo, ƙafafu sama, ya bi ƙarƙashin da tafin hannu, idonsa a rufe. Ya kama ƙafa biyu ya girgiza. Ya taɓa 'yan guntayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ga suna da wurin zamewa. Da aka mayar da teburin tsaye, ya zaro durowa gaba ɗaya, ya juya ta, ya kai ta wajen taga yana duba haƙoran, ko akwai inda aka cusa garin katako da gam don a toshe giɓi. Ya mayar da ita, ya tura da yatsa ɗaya daga kusurwa, ba daga tsakiya ba. Durowar da ba ta zauna daidai ba, a nan take cijewa. Tawa ta shige da ɗan huci na iska.

Sai ya ce, "Ɗana, a wane yanayi ka yi wannan durowar?"

Na ce, "Iska a bushe take, Baba."

"To idan laima ta zo fa?"

Na nuna masa ɗan sararin da na bari a saman gefunan. Ya zura farce, ya gyaɗa kai, ya wuce. Matar kuwa kujera ta jawo ta zauna, ta zura ƙafafu, ta ɗora gwiwar hannu kamar mai rubutu, ta shafa bakin teburin inda hannu ke kwanciya. Ta ce gefen ya yi kaifi ga wanda zai daɗe a zaune. Ni da gangan na bar shi haka don layin ya fito tsaf, kuma har yanzu ina ganin ya fi kyau a ido, amma ita hannu take magana a kai, kuma mai tebur da hannu zai zauna da shi. Mai gyaran tsofaffin kaya tambaya ɗaya ya yi, wane gam na sa. Shi damuwarsa wanda zai kwance haɗin bayan shekara hamsin. Gam ɗin fata ana sassauta shi da zafi da ruwa, a gyara, a mayar. Wasu na zamani in sun kama, sai an fasa katako.

An karɓi teburin. An mayar da wasu da a idona suka fi shi ƙawa, ciki har da wani kabad mai madubi wanda bayansa fallen katako ne aka buga da ƙusa ba a ko goge ba. Mai shi ya ce ai bango zai jingina. Aka ce masa a zauren baje koli babu bango, a tsakiya ake ajiye kaya.

Ɗaukar kaya zuwa zaure ya fi lalata aiki fiye da komai. Na cire durowoyin na naɗe su daban, na kifa teburin a kan bargo, na sa kwali a kusurwoyi inda igiya za ta bi. Leda ba ta taɓa sabon mai, tana barin tabo. A zauren an ba kowa ɗan dandamali fari da lamba. Masu shirya wurin ne ke yanke inda kowane abu zai tsaya, kuma a nan ake samun gunaguni, don kowa bakin ƙofa yake so. Ni can ciki aka kai ni, kusa da wani mai kujeru. Ya zame mini alheri: mutane suna zuwa su zauna a kujerunsa su huta, idonsu ya sauka a kan teburina. Abin da na roƙa kawai shi ne a karkatar da fitilar ta bugo daga gefe, domin hasken da ke sauka daga sama kai tsaye shafe zanen katako yake yi.

Zauren yana da na'urar sanyaya ɗaki, kuma iskarta busar da katako take yi. Kafin a rufe baje kolin, ƙofar wani kabad ta tsage daga sama har ƙasa, da ƙara kamar an karya kara. Allon tsakiyar ƙofar an manne shi da gam ta kowane gefe maimakon a bar shi yana shawagi a cikin firam. Ba wanda ya yi dariya. Da yamma dattawa suka kewaye shi suna nuna wa yara masu koyo abin da ya faru, mai kayan yana tsaye yana saurare. Nawa durowoyin sun ɗan saki kaɗan, yadda na yi tsammani.

Wannan taruwar a kan aikin mutum ɗaya ita ce dalilin da ya sa nake ganin baje kolin ƙungiya ya bambanta da kasuwar kayan ɗaki. Ba sabon abu ba ne. A Landan, masu sana'ar hannu sun kafa ƙungiyar nuna ayyukansu a 1887, suka yi nunin farko a 1888, lokacin da manyan zaurukan zane ba su ɗauki mai yin kujera a bakin komai ba. Wanda ya fi kusa da irin namu shi ne na ƙungiyar kafintocin Kopenhagen a Denmak. Kayan masana'anta masu araha sun matsa musu, sai suka fara baje koli a 1927, suka yi ta yi kowace shekara har 1966. Dabararsu ita ce haɗa kafinta da mai zane su fito da sabon abu tare. A nunin 1949 aka ga kujerar mai zane Hans Wegner mai zagayayyen baya, wadda aka yi a wurin aikin Johannes Hansen, irinta ce Kennedy da Nixon, 'yan takarar shugabancin Amurka, suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin a 1960. A shekarar 1949 ɗin kuma mai zane Finn Juhl ya nuna babbar kujerarsa da kafinta Niels Vodder ya haɗa. Kafinta ɗaya a rumfarsa ba zai iya tara jama'a haka ba, ba zai kuma samu wanda zai gaya masa gaskiya a kan aikinsa ba. Mai saye yabo yake yi ko ya nemi ragi.

An yi muhawara a ƙungiya kan ko a bar 'yan kallo su taɓa kaya. Masu feshi mai sheƙi ba sa so, saboda shatin yatsa. Aka tsaya a kan kowa ya zaɓa, a rubuta a katinsa. Ni na rubuta a taɓa. Kusan duk wanda ya tsaya sai ya ja durowa, ya mayar, ya sake ja. Yara suna leƙa ƙarƙashi, su ne ma suka fi manya ganin 'yan guntayen nan suna tambayar amfaninsu. Tambayar da ta fi yawa ita ce tsawon lokacin da aikin ya ci, sai kuma me ya sa ya fi na kanti tsada. Na daina dogon bayani, sai in zaro durowa in miƙa wa mutum ya juya ta a hannunsa. Wasu suna ganewa, wasu su ajiye su wuce, kuma ba laifinsu ba ne, don ba kowa ke bukatar teburin da jikansa zai gada ba. Tsayuwar yini guda ana amsa tambaya ɗaya ta fi fere maɗaci gajiyarwa. Duk safiya kafin a buɗe ƙofa nakan bi fuskar da busasshen tsumma.

Ciniki ta teburin ƙungiya yake bi, ita ke karɓar kuɗi ta cire kasonta na hayar zaure, kuma ko an sayi abu ba a ɗauke shi sai ranar rufewa, alama kawai ake mannawa a katinsa. Nawa ba a saye shi a zauren ba. Kyautar kwamiti ma wani benci ne ya ci, mara ado ko kaɗan, wanda ni ma shi zan zaɓa. Abin da na samu shi ne mutum biyu da suka bar lambarsu, ɗaya yana son irinsa amma mai tsawo, ɗaya tana son teburin cin abinci, da kuma mai kujerun nan da muka yi magana zai yi kujerar da za ta dace da teburin mu nuna su tare.

Ranar kwashe kaya aka miƙa wa kowa takardar ra'ayin kwamiti, har waɗanda ba a karɓi aikinsu ba an aika musu tasu. Tawa layi uku ce. An yaba haɗin durowa, an maimaita maganar kaifin gefe, sannan dattijon ya ƙara da rubutun hannunsa cewa ƙafafun baya da na gaba ba daga falanki ɗaya suka fito ba, launinsu zai rabu idan rana ta daɗe tana dukansu. Gaskiya ne, daga falanki biyu na yanke su. Da na mayar da teburin wurin aiki, na kashe kaifin gefen gaba da 'yan ja kaɗan na abin fere, na sake shafa mai a wurin, sannan na fara jera falankan teburin cin abincin da sanduna a tsakaninsu.